Sitiyarin Katako

Magaribar da abin ya fara ba ta da wani bambanci da sauran magaribun kaka a garin Visoko. Rana ta faɗa bayan tsauni tun da wuri, hayaƙin itacen murhu ya kwanta a kan rufin gidaje ya ƙi tashi, karnukan unguwa sun yi tsit. A gidan Hazim, matarsa Mevlida tana kicin tana miƙe ƙullun pita, burodinmu mai falle-falle, a kan tebur, shi kuwa yana gareji a bayan gida, ya durƙusa gaban motar da ya jawo daga ƙauye a farkon makon.

Motar Italiya ce mai ƙofa biyu, ƙirar zamanin da aka haifi shi Hazim ɗin, doguwar gaba, gajeren baya, ja mai duhu da ƙura ta dusashe. Rabin rayuwarsa ya yi yana sayen tsofaffin motoci yana sayar wa Jamusawa masu kuɗin da ba su san yadda za su yi da shi ba, amma irin wannan bai taɓa ɗora mata hannu ba, sai dai a hoto. Ko wanke ta bai yarda an yi ba, don ya san masu saye sun fi son su ga ƙurar da idonsu.

Belma ta turo ƙofar garejin da ƙafa, tana riƙe da tiren gahawa. Ita ce 'yarsa tilo, shekararta goma sha tara, tana karatun jinya a Zenica. Maganar Allah, Hazim ba mutum ba ne da ake so. 'Yan unguwa suna gaishe shi don ya zama dole, matarsa tana zaune da shi don sabo, wanda kuwa ya yi ciniki da shi sau ɗaya ba ya marmarin na biyu. Yarinyar nan kaɗai ce a duniya take ganinsa ta ji daɗi, kuma shi ma ya san da haka.

"Sarkin tsatsa, ga gahawarka," ta ce. "Ka tashi haka nan, kada mutane su ɗauka sujada kake yi mata."

Ta ɗauki ƙwayar sukarin da ke gefen ɗan kofin, ta gatsa rabi, ta mayar masa da rabin. Tun tana ƙarama take yi masa haka, tun ba ta kai tsayin tebur ba, har ya zama gahawa ba ta yi masa daɗi sai da guntun sukari mai shatin haƙoranta.

"Ɓarauniya," ya ce.

"Gado na yi," ta ce, tana dariya.

Ladan ya ɗaga murya a masallacin unguwa. Bai gama kabbarar farko ba wani abu ya faɗo a kan kwanon rufin garejin, ya gangara a hankali har ya faɗi ƙasa. Wani ya biyo baya. Daga nan sai suka zubo kamar ana juye buhu. Hazim ya fita da zagi a bakinsa yana neman yaran maƙwabta, bai ga kowa ba. Abin da ya gani a ƙasa 'ya'yan orah ne, wata irin gyaɗa ta kan bishiya, masu taurin nan kamar dutse, ɗanyu, da koren ɓawonsu a jiki. Ya ɗauki ɗaya ya murza, yatsunsa suka yi baƙi. Duk layinsu babu bishiyar orah ko ɗaya, mutanenmu ba sa son ta kusa da ɗakin kwana.

Yana tsaye da abin a hannu, hon ɗin motar ya yi kuka a bayansa, doguwar ƙara mai kauri, sannan ya yi shiru. Belma ta fito fuskarta ta yi fari. Su biyun sun san motar ba ta da batir.

Hazim ya san inda ya ga bishiyar orah a makon nan. Wani mai kai itacen murhu ne ya tsegunta masa cewa can wani ƙauye a bayan Travnik akwai tsohuwa, Iya Zumreta, da ke da wata mota a rumfar katako a gindin orah. Mijinta Ragib ya yi aikin gini a Italiya, ya dawo da motar gab da yaƙin da aka yi a ƙasarmu, ya rufe ta da ciyawa don kada masu bindiga su gani. Yaƙin ya wuce da shi, motar ta zauna. Yanzu rufin tsohuwar yana yoyo, ga sanyi na tafe, ga kabarin Ragib har yau katako ne a kansa, ba ta samu halin kafa masa dutse ba.

Ranar da Hazim ya je ƙauyen, da suka isa bakin rumfar, tsohuwar ta ƙwanƙwasa ƙofa ta yi sallama kafin ta buɗe. Hazim ya danne dariyarsa.

Shi kuwa aikinsa ya iya, wannan ko maƙiyinsa ba zai musa ba. Ba ya kallon fenti, fenti na yara ne. Ya fara duba lambar da ke jikin inji ya gwada da ta jikin gangar motar, ya ga uwa ɗaya ce ta haife su. Ya kwanta a ƙasa ya bi ƙarƙashin ƙofofi yana ƙwanƙwasawa da bayan yatsa yana saurare, ya ɗaga shimfiɗar ƙasa, ya leƙa ramin safayar taya, wuraren da tsatsa ke fara cin mota, bai sami abin da ya wuce ɗan jan baki ba. Fatar kujerun ta asali ce, ta bushe amma ba ta tsage ba. Takardu sunan mutum ɗaya. Sitiyarin na katako ne, aikin hannu, da hatimin maƙerinsa a tsakiya. Daga nan ya fito da mayen ƙarfen da ba ya rabuwa da aljihunsa, ya ɗora a kan murfin inji. Mayen ƙarfen ya zame ya faɗi ƙasa.

Mayen ƙarfe ba ya kama mota a wuri biyu: inda aka cike rami da fila, da kuma inda jikin alminiyom ne. Wannan alminiyom ce, irin 'yan kaɗan ɗin nan da kamfanin ya buga da hannu don masu tsere. A tsaye a wurin ya yi mata kuɗi a ransa, kuma kuɗin gaskiya ya isa ya sayi gidan tsohuwar da gonarta, har a yi saura mai yawa.

"Ɗana," in ji Iya Zumreta, "ni ban san kan abin nan ba, kai ka sani. Na sa ka alƙali. Ka faɗi abin da ka san ya dace, ni ba zan yi musu da kai ba."

Hazim ya girgiza kai kamar wanda aka yi wa rasuwa. Ya ɗauko mayen ƙarfen ya sake ɗorawa a gabanta, ya sake zamewa.

"Kin gani, Iya? Ba ƙarfe a nan. Duk ruɓewa ta yi aka cike da fila. Allah ya jiƙan marigayi, amma Italiyawa sun cuce shi. Injin ya kafe, kayan gyaranta ko a ƙasarsu babu. Ni dai don darajar tsufanki zan ɗauka, in ba haka ba kuɗin jan ta ma asara ne."

Ya yi mata kuɗin da bai wuce na shanu biyu ba. Tsohuwar ta daɗe tana kallon motar. Ba kuɗin ne ya fi yi mata ciwo ba, cewa da aka yi an cuci Ragib ne, mutumin da ya mutu yana alfahari da abarsa. Ta rufe hannunta da gefen mayafi ta miƙa masa. A wurinmu ciniki ba ya faɗawa sai an riƙe hannu ana girgizawa har mai kaya ya ce ya halatta, kuma Hazim bai taɓa sakin hannun kowa ba sai ya ji kalmar nan, domin a ganinsa da an furta ta Allah ma ya rufe maganar. Ya riƙe ɗan hannun tsohuwar yana jijjigawa har ta ce, "Na halatta maka."

Da ya zo ɗaura sarƙa, ta ce masa, "Ka yi sallama kafin ka ja ta. Ba mu kaɗai ba ne a gidan nan." Bai yi ba. Ya fizge motar daga rumfar da ƙarfin tsiya, ƙafafunta suna jan ƙasa.

To, tun daga waccan magaribar gidan Hazim bai ƙara zama lafiya ba. Da rana babu komai. Da zarar inuwar tsauni ta rufe unguwa, 'ya'yan orah za su fara sauka. Sai a ji ƙofar mota ta buɗe ta rufe a garejin da ke kulle. Warin tsohuwar fata da fetur ya shiga ɗakuna, ya shiga burodi, ya shiga madara. Wata rana Mevlida ta ji ana ƙwanƙwasa bangon ɗakin Belma daga ciki, a hankali, nan da can, daidai yadda mijinta ke ƙwanƙwasa mota, alhali yarinyar tana Zenica.

"Ka mayar da abin nan inda ka ɗauko shi," ta ce masa.

"Wani Bajamushe zai zo daga Munich ƙarshen wata," ya ce. "Da ya ɗauka shi ke nan. Ki yi haƙuri da 'yan ƙwanƙwashe-ƙwanƙwashe."

Ranar Alhamis gahawa ba ta zo ba. Hazim ya jira har ladan ya yi shiru, ya tashi ya je kicin, Mevlida ta ce ai tun ɗazu Belma ta fita da tire. Suka koma garejin tare. Tiren yana kan murfin inji, gahawar ta huce. Belma tana zaune a 'yar kujerar bayan motar, wadda ko yaro da ƙyar take ɗauka, ta naɗe ƙafafu ta wata irin naɗewa da ɗan'adam ba ya yi, idanunta a buɗe ba sa ƙiftawa. Duk ƙofofin a kulle suke, makullin kuma yana aljihun Hazim.

Suka kai ta asibiti, aka yi hoton kai, aka ɗebi jini, likita ya ce gajiyar karatu ce. Da rana takan kwanta shiru fuskarta a bango. Da magariba sai ta tashi zaune ta fara bin jikinta da bayan yatsa tana ƙwanƙwasawa, gwiwa, haƙarƙari, goshi, tana karkata kai tana saurare. Ta daina ci. Wuyan hannunta ya koma kamar na yarinya 'yar shekara bakwai. Hazim ya ji tsoro irin wanda bai taɓa ji ba ko lokacin yaƙi, amma duk da haka bai buga wa Bajamushen waya ya ce a fasa ba.

Mevlida ce ta je da ƙafarta ta ɗauko Malam Sakib, tsohon limamin da ya karantar da rabin unguwar nan alifun ba'un kafin ƙafa ta kayar da shi. Ya zo da sandarsa da ɗan ƙaramin Alƙur'ani, ya ƙi shan gahawa. Ya fara zuwa gareji ya tsaya a bakin ƙofa ya yi sallama, ya daɗe yana kallon motar, sannan ya juyo.

"Hazim, in wanda ke jikin yarinyar ya yi magana ni zan amsa. Kai ka kama bakinka. Ba kasuwa muka zo ba."

Suka yi sallar magariba, suka shiga ɗakin Belma. Hasken da ya rage a taga ja ne, yana ƙarewa. Malam ya zauna a ƙasa ya fara karatu da murya ƙasa-ƙasa, ba gaggawa. Ya daɗe yana yi babu abin da ya motsa. Can sai 'ya'yan orah suka fara sauka a kan rufi, ɗaya bayan ɗaya, sannan suka tsaya cak. Belma ta tashi zaune. Bakinta ya buɗe, muryar da ta fito ta wani tsoho ce, busasshiya, mai natsuwa.

"Ya isa haka, Malam, kana ƙona ni a banza. Ni ma ina son a yi maganar."

Mevlida ta toshe bakinta da mayafi.

"Wane ne kai, kuma me yarinyar nan ta yi maka?" in ji Malam.

"Sunana ba zai amfane ka ba. Iyayena a gindin orah ɗin nan suka zauna tun ba a kafa ƙauyen ba. Shekarar da sanyi ya yi tsanani, lokacin da mutanenku ke kashe juna, na shiga motar da iyalina. Tsohuwar ba ta taɓa buɗe mana ƙofa ba sai da sallama. Wannan kuwa ya ɗaura wa gidana sarƙa ya ja shi a kan duwatsu, 'ya'yana suna faɗowa a hanya. Yarinyar ba ta yi mini komai ba. Kaya ce, na ga ta yi mini, na ɗauka."

"Na biya kuɗina," Hazim ya ce. "Matar ta halatta mini."

"Hazim," in ji Malam.

"Bar shi, Malam, ai malamina ne," in ji muryar. "Ina kujerar baya ranar, na ji komai, kuma wallahi na ƙaru. Tsaya ka ga ko na iya."

Hannun Belma ya ɗaga, ya ƙwanƙwasa damtsenta na hagu.

"Ka ji? Nan ta taɓa karyewa, ɗori ne, ba na asali ba. Idon nan ɗaya ba ya gani nesa. Ƙirjin yana tari duk sanyi. Ga ta ta rame, ba nama." Yatsun suka kama leɓenta suka ɗaga, kamar mai duba haƙoran doki. "Allah ya jiƙan wahalarku, amma an cuce ku. Ni dai don darajar tsufanka zan riƙe ta."

Ɗaya hannun ya buɗe. Mayen ƙarfen Hazim ne a ciki, wanda ya rantse yana aljihunsa. Hannun ya ɗora shi a ƙirjin yarinyar, ya zame ya faɗi a kan shimfiɗa.

"Ka gani? Duk fila ce."

Hazim ya durƙushe a gaban gadon yana kuka, kukan da babu kyan gani, na mutumin da bai saba ba. Malam ya ci gaba da karatu, ya ɗaga murya, jikin Belma ya fara karkarwa, muryar ta yi gurnani ta ce a dakata.

"Za ka fita," in ji Malam, "ko kana so ko ba ka so. Faɗi abin da aka ɗaukar maka a mayar, ka bar baiwar Allah."

"Zan fita. Amma ya fara faɗin kuɗin motar. Ba don tsohuwar ba, kuɗinta bai dame ni ba. So nake in ji yadda gaskiya take fita daga bakin nan, ban taɓa ji ba. Kai ne alƙali, Hazim. Nawa ce?"

Hazim ya faɗa, a gaban matarsa da Malam, kansa a ƙasa. Mevlida ta dube shi kamar yau ta fara ganinsa. Malam ya yi salati a hankali.

"Madalla," in ji muryar. "Gobe kafin magariba ka mayar mini da gidana gindin orah, ka yi sallama. Abin da ka ba tsohuwar ya zama nata. Yarinyar za ta yi barci, da motar ta zauna a wurinta za ta farka. Kuma ka ji da kyau: yadda ka dawo mini da tawa, haka zan dawo maka da taka."

"Na yarda," in ji Hazim.

"Kawo hannu."

Malam ya ɗaga sanda zai hana, amma Hazim ya riga ya miƙa. Hannun 'yarsa ya kama nasa da sanyi da ƙarfin da ya sa ƙasusuwansa ƙara, ya yi ta jijjigawa bai saki ba har sai da Hazim ya ce, "Na halatta." Daga nan ɗan yatsan ƙafarta na hagu ya yi rawa, ta yi atishawa, ta sulale kan matashi tana numfashi irin na mai barci. Warin fetur ya bar ɗakin.

Ai da a nan labarin ya tsaya, da an ce Allah ya rufa asiri. Amma Hazim Hazim ne.

Da safe ya shiga gareji don ya ɗora motar a kan tirela. Ya leƙa ɗakin Belma kafin ya fito, ya ga launin fuskarta ya fara dawowa, hankalinsa ya ɗan kwanta, kuma da hankalinsa ya kwanta sai kansa ya fara aikin da ya saba. Ya ba tsohuwa kuɗi, ya biya mai ja, ga man zuwa da dawowa, ga Bajamushe da zai ji kunyarsa. Tun da yake bai taɓa fita daga ciniki da hannu wofi ba. Idonsa ya faɗa kan sitiyarin. Akwai wani dillali a Zagreb da ya daɗe yana neman irinsa, kuma abin da zai biya ya isa ya rufe asarar daidai, ba riba ko ta sisi. A bangon garejin kuwa akwai wani sitiyarin katako na kwaikwayo, sabon aiki da aka tsufar da shi da gangan, wanda ko masana sai sun juya bayansa suke ganewa. Ya ce wa kansa wannan ba cuta ba ce, kuɗinsa kawai zai mayar, kuma aljani da ke kwana a kujerar baya me ya haɗa shi da sitiyari. Aikin bai ɗauke shi lokacin shan kofin gahawa ba.

Ya kai motar da la'asar sakaliya, ya tura ta cikin rumfa, ya yi sallama da babbar murya. Ya ce wa Iya Zumreta ya fasa, ta riƙe kuɗin sadaka ce. Tsohuwar ta yi ta sa masa albarka har ya ji kunya ya hanzarta ya tafi. Yana kan hanya Mevlida ta bugo tana kuka, Belma ta farka, ta ce yunwa take ji.

Ta warke sarai. Ta ci, ta yi ƙiba, ta koma makaranta, dariyarta da uwarta tana cika kicin kamar da. Babu abin da ta manta. Ta san sunan kowa, ta san Hazim ubanta ne, tana gaishe shi safe da yamma da ladabi. Magaribar farko da ta kawo masa gahawa ta ƙwanƙwasa ƙofar gareji, abin da ba ta taɓa yi ba, ta ajiye tiren ta ce, "Ga gahawa, Baba." Sukarin yana nan cikakke a gefen kofi.

"Yau ɓarauniyar ta tuba ke nan?" ya ce, yana murmushi.

Ta yi ɗan murmushin da ake yi wa baƙo in ya yi barkwancin da ba a gane ba, ta fita.

Ya ce gajiyar ciwo ce, za ta wuce. Ya aika sitiyarin Zagreb. Mako ya bi mako. Ya saya mata waya sabuwa, ta yi godiya sosai. Ya tuna mata ranar da ta karye a hannu ya ɗauke ta a kafaɗa har asibiti, ta ce e, ta tuna, ruwa ake yi ranar. In ya shigo kicin suna dariya, sai ta gyara zama ta jira ya ɗauki abin da ya zo ɗauka. Ba fushi take yi da shi ba, da fushi ne da ya ji sauƙi. Wata rana ya kama hannunta a bakin ƙofa, ta bar masa shi na ɗan lokaci don kada ya ji kunya, sannan ta zare a hankali. Mevlida da ke kallonsu ta jira yarinyar ta wuce, ta ce da shi cikin murya ƙasa-ƙasa, "Me ka cire a motar nan?"

Ya tafi Zagreb a ranar. Dillalin ya ga idonsa ya gane mutum ne da ke cikin matsi, ya ninka masa kuɗin sau uku, ya kuma ja masa rai. Hazim ya biya bai ce a rage ko sisi ba. Kafin sitiyarin ya dawo hannunsa ƙanƙara ta riga ta sauka.

Ya isa ƙauyen yana rungume da shi a cikin bargo. Rufin tsohuwar sabo ne. Bishiyar orah ta zubar da ganyenta, ƙofar rumfar a buɗe, babu komai a ciki sai shatin tayoyi a busasshiyar ƙasa.

Iya Zumreta ta fito tana dogara sanda. Ta ce Malam Sakib ya zo har gida ya gaya mata abin da motar take, ɗan ƙanenta ya nemo wasu baƙi da babbar mota, suka saya, su ma wai wani za su sayar wa a ƙetaren teku. Ta ce kafin a taɓa ta sai da ta ƙwanƙwasa ta yi sallama ta nemi izini, kuma tun ranar ba ta ƙara jin motsi a rumfar ba, da alama mai gidan ya bi gidansa.

"Sun ce Ragib bai yi sayen banza ba," ta ce. "Wannan ya fi mini kuɗin. Sun dai rage wani abu a kuɗin, wai sitiyarin ba nata ba ne." Ta dubi bargon da ke ƙirjinsa.

"Iya, ki yafe mini. 'Yata..."

"Ai ni na halatta maka tun ranar, ɗana, kuma ban janye ba. Ba ni ke riƙe da kayanka ba."

Ya bi sawun motar iya ƙarfinsa. Daga wannan dillali zuwa wancan, kowa ya ce ya sayar, na ƙarshe ya ce mai sayen ba ya son a san sunansa. Ya koma wurin Malam Sakib, Malam ya zo ya yi karatu a kan Belma tun daga la'asar har duhu, tana zaune da ladabi tana saurare. Da ya fito ya ce, "Babu kowa a jikinta, Hazim. Da akwai wanda zan kora da na kora. Ka yi ta istigfari."

Sitiyarin yana nan rataye a bangon garejin, ya ƙi sayarwa ko nawa aka taya. Belma ta gama karatu, ta sami aiki a Sarajevo, takan zo duba uwarta ƙarshen mako. In ta zo, Mevlida takan ce ta kai wa babanta gahawa, ita kuma ba ta musu.

Ranar wata Asabar da magariba ta ƙwanƙwasa, ta ajiye tiren a kan benci. Hazim ya ɗauki sukarin ya karya shi biyu da yatsunsa masu baƙin mai, ya miƙa mata rabi a tafin hannu. Ta dubi sukarin, ta dube shi.

"A'a, na gode, Baba," ta ce. "Akwai wani abin da kake buƙata?"

Ya girgiza kai. Ta fita, ta ja masa ƙofar a hankali don kada sanyi ya shiga.